Zuwa Arlit Ɗauko Hajara

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na fito daga sallar la'asar sai a tare ni a ƙofar masallaci: "Duba-gari, yaya Arlit ɗin? Da gaske ne ƙasar garin ma dukiya ce?" Na je ta'aziyya Gwiwa, can ma maganar ke nan. Duk lokacin da na maimaita labarin kuwa sai raina ya ɓaci, in kasa cin abincin kirki. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sunana Isyaku, amma a Kazaure ba mai kirana da shi. Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin duba-gari kafin in yi ritaya, ina shiga gidaje ina leƙa randa da masai da kwata, sunan aikin ya bi ni har yau. Abin da ya kai ni Arlit kuwa ƙanwata ce Hajara. Tun tana yarinya ta auri Lawali, mutumin Magarya wanda uwarsa 'yar Babura ce. Mai walda ne, ya sami aiki a wurin da ake haƙar yuraniyom, wato ma'adinin nan da Turawa ke yin wutar lantarki da shi, ya tafi da ita can suka zauna. Ciwon ƙirji ya kashe shi. Lokacin rasuwar ƙafata ta hana ni tafiya. Da ta fita takaba sai 'yan'uwa suka ce ni ne babba, in je in dawo da ita gida.

Na tashi daga Kazaure bayan asuba, na shiga bas zuwa Babura. Ranar kasuwa ce, aka cusa mana buhunan gero har ƙarƙashin ƙafa, wani ya ɗaure tinkiya a but tana ta kuka har muka isa. Daga nan na sami ƙaramar mota zuwa Babban Mutum, muka tsallaka iyaka.

A ɗaya gefen ne na fara shan mamaki. Wani jandarma ya karɓi takarduna, ya dube ni ya ce, "Mushe, ina katin rigakafi?"

Na ce, "Wa kake kira mushe? Ga ni tsaye da raina, ko jinya ba na yi!"

Duk wurin aka fashe da dariya. Direba ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, girmamawa ce. A nan haka suke ce wa malami ko babban mutum." Na haɗiye fushina. Katin rigakafi kuwa ai sun tambayi mai shi, domin ni da hannuna na sha cika wa mutane irinsa. Na zaro nawa fes a cikin leda. Jandarman ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini.

Na tsaya Magarya na yi wa dangin Lawali gaisuwa. Yayarsa, wata tsohuwa mai suna Inna Rabi, ta riƙe hannun rigata ta ce, "In ka je ka tambayar mini me ya ci shi. Yaron da ko goro bai dame shi ba, aka ce mana wai taba ce." Na ce to, ban ɗauki maganar da nauyi ba.

A Damagaram na kwana a gidan wani ɗan'uwansu kusa da tasha. Hausarsu tamu ce, sai dai sun cusa mata Faransanci. Likita lokotoro ne, makaranta lakwal. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ga tauri, da na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Mai gidan ya ga ina fama, ya ce in tsoma a shayi. Amma zogalen da matarsa ta kwaɗa mana, gaskiya ban ci irinsa a gida ba.

Daga Damagaram babbar bas muka shiga, ta Tanut zuwa Agadas. Wanda ya zauna kusa da ni wani dattijon Buzu ne mai suna Agali, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanu kawai ake gani. Matarsa kuwa tana gaba fuska a buɗe tana ta ba direba umarni. Na ce a raina, nan kuma an juya abin. Da farko na ɗauka ba ya son magana, ashe jira yake in fara. Da na ce masa Arlit za ni, sai ya ce shi ma can zai sauka, kuma ya san garin tun ba a kafa shi ba, tun yana yaro yana bin raƙuman ubansa ta wurin.

Mun kwana Agadas, washegari muka kama hanyar Arlit. Ban taɓa ganin hanya irin wannan ba. Kwalta ta cinye, sai ɓurɓushi nan da can, direba ya gwammace ya bi ta cikin rairayi. Agali ya ce, "Malam, ka ga wannan hanya? Duk abin da aka haƙa a can ta nan ya wuce. Ya je ya haska biranen wasu. Mu ga abin da aka bar mana. Wutar da ka gani a Damagaram ma daga wajenku ake jawo ta."

Da rana tsaka motar ta kafe a yashi. Aka ce maza su sauko su tura. Na tura da iya ƙarfina, motar ta fita, takalmina na dama ya tsaya a ramin. Muka tona muka tona, babu shi. Haka na ƙarasa tafiyar da silifas ɗin matar Agali, ja mai fure, mutane suna kallon ƙafata suna kau da kai.

Kafin injin ya huce Agali ya hura wuta, ya kwaɓa fulawa, ya share garwashin gefe ya binne ƙullun a cikin yashi mai zafi. Ni da na yi rayuwata ina cin tarar masu sayar da abinci a buɗe, ga shi ana gasa mini burodi a cikin ƙasa. Ya tono shi, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura a man shanu. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Yashin nan ya fi kwanon gidanka tsabta. Ci a nan. In mun matso garin ni ma ba na yi." Na ci, da daɗi kuwa. Ya bi da shayi har zagaye uku a ɗan ƙaramin kofi. Sai daga baya na gane abin da yake nufi da in mun matso garin.

Da yamma na hango wasu tuddai dogaye a gefen gari, samansu a baje. Raina ya yi fari, na ce, "Ashe ku ma kuna da duwatsu irin namu na Kazaure."

Agali ya dubi tuddan. Sa'an nan ya ce, "Naku Allah ne ya yi su. Waɗannan shara ce. In an niƙa dutse an cire abin da ake so, sauran nan ake zubarwa. Tun ina saurayi ake zubawa."

Na ce, "A buɗe haka?"

Ya ce, "A buɗe. Yanzu da aka rufe ɗaya daga cikin ramukan haƙar ne gwamnati ta ce a binne sharar."

Hajara ta tarye ni a ƙofar gida tana kuka. Ta rame, ta tsufa fiye da shekarunta. 'Yarta Zuwaira, wadda ke aure a unguwar, ta zo da tsohon ciki ta durƙusa ta ce, "Kawu, sannu da hanya," idonta ya sauka kan silifas ɗin, sai kuka ya koma dariya.

Hali ba ya barin mutum. Ko hutawa ban yi ba na fara zagaya gidan da ido. Tsakar gida a share tas. Masai da murfi. Kwata ba ruwan kwance. Ruwan sha yana cikin wani babban duro na ƙarfe a inuwa, da murfinsa da moɗa a rataye. Na ɗaga murfin na leƙa, ba tsutsa ko ɗaya. Na ce, "Hajara, da a Kazaure ne da na rubuta gidanki na ɗaya a unguwa." Ta yi murmushi ta ce, "Ai tarbiyyarka ce, Yaya. Duron nan Malam, Allah ya jiƙansa, ya samo shi a wurin aiki tun Zuwaira tana goye. Ba ya tsatsa." Na sha moɗa biyu, na yaba sanyin ruwan.

Washegari maƙwabcinsu Malam Iliya ya zo gaishe ni. Tare suka yi aiki da Lawali. Ba ya iya jera magana uku sai tari ya katse shi. Na isar masa da tambayar Inna Rabi. Ya yi wata irin dariya.

"Taba? Lawali? Ni ma haka suka ce mini. Wani suka ce masa sanyi ne, wani suka ce gado ne. Kowa da abin da ake gaya masa, amma ba a taɓa cewa aikin ne ba. Alhaji, shekarun farko da kayan aikinmu muke dawowa gida, matanmu su wanke da hannu. Ƙarfen da aka gama da shi a ba ka kyauta, ka yi ta godiya. Shiga kasuwa ka gani, ƙofofi, tukwane, kwanon rufi, rabinsu daga can suka fito."

Na ce, "To mene ne a jikin ƙarfen?"

Ya ce, "Wani abu ne kamar zafi, amma ba ka jin sa. Ba ya wari, ba ya canja launi. Yana ratsa jiki a hankali, shekara da shekaru. Sai da na'ura ake gane shi."

Na ce ya kai ni in ga aikin binnewar da idona. Muka hau mashin har bakin shingen waya. Ga tifofi suna hawa tudun suna juye yumɓu da duwatsu, wata mota tana bi tana daddannewa. Ban raina aikin ba, ana yi. Amma ɓangaren da aka rufe kaɗan ne, sauran yana nan tsirara, iska tana ɗiba tana yi da shi cikin gari. A jikin shingen an kafa allo mai hoton wani abu kamar fanka mai fuka-fuki uku, da rubutu da Faransanci. Ƙarƙashin allon wata mata tana zaune tana tatsar akuya.

Na tambaye ta ko ta san abin da aka rubuta. Ta ce, "An ce sunan kamfani ne."

Na nufi mai gadin ƙofa na ce ina son ganin babbansu. Ya ce da wace takarda? Na ce da takardar mutumin da ya san aikin tsabta. Na ce masa ni a garinmu na taɓa kai mai unguwa gaban alƙali saboda juji ɗaya a bayan gidansa, jujin da bai kai tsayin gwiwata ba. A nan an tara dutse guda na guba a kan mutane, an yi allo da harshen da ba sa ji, wa aka kai gaban alƙali? Mai gadin ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mushe, ni ma a unguwar nan nake kwana." Malam Iliya ya ja hannuna muka tafi.

A kwana na huɗu masu awo suka zo unguwar. Gwamnati ce ta turo su, suna bi gida-gida suna neman kayan da suka fito daga mahaƙar. Su uku ne, da takunkumi da safar hannu. Shugabansu wani matashi ne mai ladabi, Abdu. Ya yi sallama, ya yi wa Hajara gaisuwar rashi, ya ce kada kowa ya tsorata, dubawa ce kawai.

Na ce, "In ba abin tsoro, me ya sa kuka rufe hanci mu kuka bar mu haka?"

Ya ce, "Doka ce ta aiki, Baba."

Na'urar tasa ba ta fi rediyon hannu ba. Yana tafe tana ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya bi ɗakin girki, ya bi bango, ba wani canji. Da ya matso duron ruwa sai ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa a yashi. Ya ja da baya, ya sake matsowa, ta sake ɓarkewa. Ya dubi abokan aikinsa, suka yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ku yi Hausa. Gidanmu ne."

Ya ce, "Baba, duron nan daga inda ake wanke ma'adinin ya fito. Abin ya kama jikinsa ta ciki. Kada a ƙara sha."

Ni ne na ɗaga murfin nan na ce ruwan lafiya lau. Duk ilmin da nake taƙama da shi, gidan da na ba na ɗaya, ga abin da ke cikinsa. Na nemi turmi na zauna.

Suka shiga ɗaki. Gadon Hajara na ƙarfe ne, Lawali ya haɗa mata shi da hannunsa da bututun da ya samo a wurin aiki, har ya yi masa ado da 'yan furanni na walda. Shi ne abu ɗaya da ta ce lallai da shi za ta koma Kazaure, har mun yi magana da mai mota. Na'urar ta yi kuka a kansa, ba kamar na duron ba, amma ta yi. A kan gadon nan ta haifi 'ya'yanta, a kansa Lawali ya cika.

Na miƙe na ce wa Abdu, "Tun yaushe aka san ƙarfen nan yana da wannan abu?"

Ya ci gaba da duba na'urarsa.

"Na ce tun yaushe? Wanda ya ba shi duron bai sani ba? Wanda ya buɗe masa ƙofa ya fita da shi bai sani ba? Na'urar nan jiya aka ƙera ta?"

Ya sauke takunkuminsa ya ce, "Baba, lokacin ba a haife ni ba. Ni an ce in auna in kwashe. Na rantse maka gidan ubana ma na kwashe ƙofa."

Na rasa wanda zan kama. Duk wanda na ɗaga wa murya sai in tarar shi ma abin ya ci shi. Waɗanda suka san komai tun farko ba ko ɗayansu a garin, sun kwashe nasu sun tafi.

Zuwaira ce ta yi tambayar da ta fi tawa. Ta dafa cikinta ta ce, "Mushe, ni ruwan nan na sha na girma. To wannan fa?"

Abdu ya dubi ƙasa ya ce, "Ki riƙa zuwa awo. Allah zai kiyaye."

Suka naɗe duron da gadon a leda mai kauri, suka ɗora a mota, za a kai tudun a binne tare da sauran. Suka ba Hajara wata takarda da Faransanci da hatimi. Ta tsaya tana kallon sawun ƙafafun gadon guda huɗu a daɓen ɗaki.

Na roƙi mijin Zuwaira ya bar ta ta biyo mu ta haihu a gida. Ya ce shi ma yana so, amma da wannan ciki a wannan hanya? Gaskiyarsa ne. Muka bar ta a tasha tana ɗaga hannu, tudun yana bayanta.

Dawowa ba abin da zan faɗa sosai. A Magarya na gaya wa Inna Rabi ba taba ba ce. Ta ce, "Na sani. So nake wani ya faɗa da baki." A bakin iyaka kuma na ga tirela shaƙe da tsofaffin ƙarafa ta nufo wajenmu. Ban san daga inda ta ɗauko ba, wataƙila lafiyayyu ne. An duba takardun direba, an leƙa ƙarƙashin kujera, ba wanda ya auna komai.

Kwana biyu da isowarmu Kazaure na shiga ɗakin da muka ba Hajara da safe, na tarar tana dafa shayi a wata 'yar buta ta ƙarfe da ban taɓa gani ba, an yi mata marfi da hannu mai lanƙwasa.

Na ce, "Wannan fa daga ina?"

Ta ce, "Marigayi ne ya ƙera. Da ita yake shan shayi kullum."

"Da wane ƙarfe?"

Ta sunkuyar da kai.

"An auna ta?"

"Na ɓoye ta a cikin zanena ranar da suka zo."

Ban taɓa yi wa Hajara tsawa ba tun muna yara, ranar na yi. Na ce a gidan da jikokina suke rarrafe za ta kawo wannan? Ta bari na gama, sa'an nan ta ce, "Yaya, sun ɗauki duron, sun ɗauki gadon, shi ma sun ɗauke shi. Wannan kaɗai ta rage da hannunsa ya taɓa. Wataƙila ma ba komai a jikinta."

Wataƙila kuwa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na sa butar a leda na yi yawo da ita. Na je wurin tsofaffin abokan aikina, na je wurin wani malamin kimiyya da na sani, na tambayi wani likita. Kowa ya ce bai taɓa riƙe irin na'urar ba, sai dai a gwada manyan birane, can ma ba su san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Wani ma dariya ya yi, ya ce Duba-gari ritaya ta fara taɓa shi.

A ƙarshe na sami gwangwanin fenti, na sa butar a ciki, na cika da siminti. Muka tafi gonarmu ta Roni ni da Hajara, na haƙa rami mai zurfi a gindin dutse, nesa da rijiya. Ita ta ce in ba ta ta sa da hannunta. Ta sa, ta yi wa Lawali addu'a, na mayar da ƙasa. A hanyar dawowa ta ce, "Yaya, in da lafiyarta ƙalau fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Hajara."

Har yau ban sani ba. Ko guba na raba ta da ita, ko kuwa butar mijinta kawai na ƙwace na binne, ba mai gaya mini. Waɗanda suka jefa mu cikin wannan, na bar su da Allah, amma ban yafe ba. Zuwaira ta sauka, an sami mace. Kullum in Hajara ta kira ta a waya, tambayarta ta farko ita ce yarinyar tana numfashi daidai?